JIRGIN SAMA MAI SAUKA A RUWA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A cikin watan Agusta na shekarar 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a arewacin Jihar Bauchi, har ambaliya ta yanke babbar hanyar nan ta Kano zuwa Maiduguri a tsakanin Jama'are da Azare. Manyan motoci suka yi jerin gwano ta kowane gefe, matafiya suka yi cirko-cirko, wanda ya matsu kuwa sai ya yi dogon zagaye. Wannan fa hanya ce mai kwalta wadda Gwamnatin Tarayya ta kashe wa maƙudan kuɗi. To, in ruwa ya yi wa babbar hanya haka, sai mai karatu ya ƙiyasta halin da ƙauyukan bakin kogi na Zaki da Gamawa da Itas-Gadau kan shiga, inda damina mai ƙarfi takan raba su da sauran jama'a kwana da kwanaki, ba shiga ba fita sai a kwale-kwale.

A irin wannan lokaci ne naƙuda takan zo wa mace da gardama, ko maciji ya sari manomi, ko amai da gudawa su ɓarke a unguwa. Babban asibitin Gwamnatin Tarayya yana nan Azare, kimanin kilomita 70 daga tsohon garin Katagum, amma a ranar da ruwa ya ci hanya sai tafiyar ta zama kamar ta Hajji a ƙasa. Shi ya sa masu tunani kan tambaya, shin babu wani abin hawa wanda ruwan da ya toshe hanya shi ne zai zame masa hanya? Akwai shi, ya kuwa haura shekara 100 a duniya, watau jirgin sama mai tashi da sauka a kan ruwa. Sayen jirgin ba shi ne mai wuya ba, gama mai kuɗi yana iya yin odarsa gobe. Abin da ke da wuya shi ne dokar da za ta faɗi inda zai sauka, da wanda zai ba shi izini, da haƙƙin waɗanda ya tarar a kan ruwan. A kan wannan ne ƙasashe da dama suke ta gyaran dokokinsu a 'yan shekarun nan, ya kuwa kamata mu ma mu san inda aka kwana.

WANE IRIN JIRGI NE?

Jiragen nan iri uku ne. Na farko ƙaramin jirgi ne irin wanda aka saba gani, sai dai an cire masa tayoyi, an ɗaura masa wasu dogayen kwale-kwale guda biyu na ƙarfe marar nauyi, rufaffu ruf, a ƙarƙashin cikinsa, su ne ke riƙe shi a kan ruwa. Na biyu kuwa cikin jirgin ne kansa aka ƙera kamar na jirgin ruwa, yana kwanciya a ruwa da ƙirjinsa kamar agwagwa. Na uku shi ne mai halin kwaɗo, tudu nasa ruwa nasa: yana da tayoyi masu naɗewa, in zai sauka a fili ya miƙe su, in zai sauka a ruwa ya naɗe.

Waɗanda aka fi yin haya da su a yau su ne Twin Otter ƙirar Kanada, mai inji biyu, wanda kan ɗauki kimanin mutum 15 in an ɗaura masa kwale-kwalen, da kuma Cessna Caravan ƙirar Amurka, mai inji ɗaya, wanda ba ya kai mutum 10. A ƙasar Maldives, wadda tsibirai ce fiye da 1,000 a tekun Indiya, irin waɗannan jirage ne tamkar motocin tasha. Haka nan a Kanada da jihar Alaska ta Amurka, inda tabkuna suka fi hanyoyin mota yawa. Mu ma nan Nijeriya, kamfanonin haƙar mai sun yi amfani da ƙananansu wajen kai ma'aikata cikin fadamun Neja Delta. Amma a Arewa babu wani jirgin fasinja irin wannan da ke zirga-zirga.

ABIN DA YA SA AREWA BA TA SAN SHI BA

Wani Bafaranshe mai suna Henri Fabre shi ne ya fara tashi daga kan ruwa da jirgi mai inji, ran 28 ga Maris 1910, a wani tabki kusa da birnin Marseille. Daga nan har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu manyan jiragen da ke doguwar tafiya da yawansu masu sauka a ruwa ne, domin a lokacin filayen jirgi kaɗan ne, ruwa kuwa fili ne da Allah Ya shimfiɗa, ba a biyan ɗan kwangila. Daga 1937 kamfanin Ingila mai suna Imperial Airways ya riƙa tashi daga Southampton zuwa Durban ta Afirka ta Kudu, yana ya da zango a Iskandariya, da kan Kogin Nilu a Alƙahira da Hartum, da kuma Tabkin Victoria. A lokacin yaƙin, manyan jiragen nan sun riƙa sauka a ruwan Ikko. Da yaƙi ya ƙare aka wayi gari an gina titunan jirgi na kankare ko'ina a duniya, sai kasuwarsu ta mutu, har kamfanin BOAC da ya gaji Imperial Airways ya daina aiki da su a watan Nuwamba 1950.

Ƙasar Hausa kuwa tun farko ta tudu jirgi ya zo mata. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan Ingila guda 3 da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano. Dalili a fili yake. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce mai tauri, da an sare itatuwa an share fili ya samu, kogunanmu kuwa galibinsu na damina ne, da rani sai rairayi.

Sai dai taswirar ruwan Arewa ta sake tun bayan samun mulkin kai. An gama madatsar Kainji a 1968, ta haifar da tabki mai tsawon kusan kilomita 130. An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992, ga Bakolori da Goronyo da Shiroro da Dadin Kowa. Watau yanzu muna da manyan ruwaye masu kwana rani da damina, waɗanda babu su a zamanin da Turawa suka tsara hanyoyin jirgin sama na ƙasar nan. Ga kuma ambaliya da ta zama baƙuwar kusan kowace shekara, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 da 2024. Waɗannan abubuwa biyu su suka sa maganar da a da ta shafi mutanen bakin teku kaɗai, yau ta shafi na Katagum.

JEMAGE A GABAN SHARI'A

Wahalar doka a kan jirgin nan irin ta jemage ce, wanda tsuntsaye suka ce ba nasu ba ne, dabbobi ma suka ce haka. Muddin yana sama jirgin sama ne. Da ya taɓa ruwa ya zama jirgin ruwa, dokar masu ruwa ta hau kansa.

Dokokin jirgin sama na duniya sun samo asali ne daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Chicago ran 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, mai hedkwata a Montreal ta Kanada. Nijeriya ta shiga cikinta a 1960. Yarjejeniyar tana da rataye 19, na 14 shi ne ya yi bayanin filayen jirgi. A wajen fassara kalma, ratayen ya ce filin jirgi yana iya zama a tudu ko a ruwa. Amma da aka zo zayyana ƙa'idodi, watau tsawon titi da faɗinsa, da fitilu, da motocin kashe gobara, sai aka tsaya ga filin tudu da masaukin jirgi mai saukar ungulu. Sai a babban taron hukumar na 2019 ne ƙasashe suka zartar da ƙuduri cewa a tsara ƙa'idodi na bai ɗaya domin masaukan kan ruwa. Kafin nan kowace ƙasa da ke da irin jiragen ita ke ɗinka rigarta daidai jikinta.

Ta wajen masu ruwa kuwa, dokar hana karon jiragen ruwa ta duniya, wadda aka tsara a 1972, ta ce jirgin sama in yana kan ruwa shi ne zai nisanci sauran jirage, kada ya tare musu hanya. Wannan magana tana da nauyi ƙwarai, domin ma'anarta ita ce mai kwale-kwale shi ne ɗan gida, matuƙin jirgin sama baƙo ne.

To, mu dawo gida mu ƙirga ofisoshin da saukar jirgi guda a kan ruwa za ta taɓa. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, wadda aka kafa da dokar soja a 1999, ita ke ba matuƙi lasin, ta duba lafiyar jirgi, ta amince da filin sauka. An sabunta dokar da ta kafa ta a 2006 da 2022, ita kuma ta sake fitar da kundin ƙa'idodinta a 2023. Hukumar NAMA ita ke da sararin sama da ba da hanya. Hukumar NiMet ke faɗin yanayi. Hanyoyin ruwa na cikin ƙasa suna hannun hukumar NIWA mai hedkwata a Lakwaja, wadda aka kafa a 1997. In a Tiga ko Challawa ne, madatsar ta Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce da ke Kano. Ƙasar bakin gaɓa inda za a kafa matakala da rumfa, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa ta a hannun gwamnan jiha. In tsautsayi ya auku, hukumar bincike ta NSIB, wadda dokar 2022 ta haɗa mata haɗurran sama da na ruwa da na jirgin ƙasa, ita za ta zo. Ba a ma yi maganar jami'an tsaro ba tukuna.

Kada a ɗauka wannan ƙirge na banza ne. Gardamar wa ke da iko da ruwan cikin ƙasa ta kai Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya har Kotun Ƙoli, wadda a watan Janairu 2024 ta ba Gwamnatin Tarayya gaskiya. In kwale-kwale ya jawo shari'ar shekara da shekaru, ina ga abin da yake jirgin sama ne kuma jirgin ruwa? Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Mai son zuba jari, ko ƙungiyar agaji mai son kawo jirgi, in ya ga sai ya bi ƙofa shida kowace da nata sharaɗi, sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi wata ƙasa.

DARASI DAGA INDIYA

Indiya ta ɗanɗana wannan. Ran 31 ga Oktoba 2020 Firayim Minista Narendra Modi ya buɗe jigilar jirgi mai sauka a ruwa tsakanin Kogin Sabarmati a birnin Ahmedabad da Kevadia, tafiyar kimanin kilomita 200 a jihar Gujarat. An yi biki, an ɗauki hotuna. Amma jirgin na haya ne daga Maldives, in ya bukaci babban gyara sai an mai da shi can, domin ba a tanadi wurin gyaransa a gida ba. Zuwa Afrilu 2021 aikin ya tsaya.

Da hukumomin ƙasar suka zauna suka duba, sai suka gane cewa sun ɗauki ƙa'idodin babban filin jirgi ne suka ɗora wa ɗan masauki na kan ruwa, nauyin ya fi ƙarfinsa. Ran 22 ga Agusta 2024 ma'aikatar sufurin jiragen sama ta ƙasar ta fitar da sababbin ƙa'idodi. Aka janye sharaɗin cewa sai masaukin ruwa ya sami lasin irin na filin jirgi, aka buɗe ƙofa ga ƙananan kamfanoni masu jigilar shata, aka sauƙaƙe wa matasan matuƙa hanyar samun shaidar tuƙi a ruwa, aka kuma rarraba aiki filla-filla tsakanin gwamnatin jiha da mai jirgi da gwamnatin tsakiya.

Darasin dai guda ne, su jirgi suka fara kawowa kana suka nemi doka, sai jirgin ya koma inda ya fito. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

GASKIYAR RUWAN KATAGUM

Yanzu sai mu dubi namu ruwan da idon basira, kada zumuɗi ya kwashe mu. Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a can sama, yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya biyo ta Jama'are, ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya bazu cikin fadamu, ya haɗu da Kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tabkin Chadi. Babu wata babbar madatsa a kansa, gama ta Kafin Zaki da ake maganarta tun shekarun 1970 ba a kammala ta ba. Saboda haka kogi ne mai fuska biyu. Da rani rairayi ne da 'yan gurabun ruwa nan da can, ana ƙetare shi da ƙafa. A Agusta da Satumba kuwa sai ya cika ya batse, ja wur, yana gudu, yana cin gaɓa, bana ya bi nan baɗi ya sake hanya.

Shi kuwa jirgin nan yana son miƙaƙƙen ruwa mai tsawon kilomita guda ko fiye, mai zurfin da ya kusa tsayin mutum, wanda babu dogayen itatuwa ko wayar lantarki a bakinsa ta inda zai shigo da inda zai fita. Ruwan ambaliya kuwa shi ne mafi sharrin ruwa a wurin matuƙi, domin yana ɗauke da gungumen itace da mushen dabbobi, yana kuma ɓoye shingen gona da tururuwar kututture da tudun rairayi. Ƙarfen da ke riƙe jirgin a ruwa ba shi da kauri, in ya daki kututture cikin gudu sai ya yage, jirgin ya kife. Don haka duk wanda ya ce wa jama'a jirgin nan zai sauka a gonar da ruwa ya shafe ya kwashi mutane, bai faɗa musu gaskiya ba.

Akwai sauran abubuwa. Ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa da yawa a fadamun Haɗeja da Nguru. Masunta suna shimfiɗa kalli da koma, suna kafa mali, wani kuma yana kwance a kan gora tsakiyar ruwa, kansa kaɗai ake hange. Da sanyi tsuntsaye dubbai kan zo fadamun daga Turai, ga kuma jan baki mai tashi kamar hadari, tsuntsu kuwa abokin gabar inji ne. Da bazara, lokacin da zafi kan haura awo 40 a Azare, iska takan yi sako-sako, jirgi ya bukaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. Da hunturu hazo kan rufe ido, alhali jiragen nan da rana suke aiki, da ido matuƙi ke auna ruwa. Har ma ranar da iska ta kwanta ruwa ya yi lumui kamar madubi, ita ma rana ce mai haɗari, domin matuƙi ba ya iya gane tazarar da ke tsakaninsa da ruwan. Mai halin kwaɗo kuma yana da nasa tarkon, in matuƙi ya manta ya sauka a ruwa tayoyi a miƙe, nan take jirgin zai yi adungure.

To, ina amfaninsa ke nan? Amfaninsa yana ga wuraren da aka riga aka auna. In an san cewa a wuri kaza, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, akwai shimfiɗar ruwa mai tsawo da zurfi, to jirgi mai halin kwaɗo yana iya tasowa da tayoyinsa daga Kano ko Bauci ko ɗan filin jirgin da ke Azare, ya sauka can da likita da jini da magani, ya komo da majinyaci. Daga nan zuwa cikin ƙauyuka aikin kwale-kwale mai inji ne. Jirgi mai saukar ungulu ya fi shi iya shiga lungu, amma ya fi shi cin kuɗi a kowace awa. A manyan madatsun ruwa kuwa, inda ruwa ke kwance shekara duka, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, can ne ma za a iya koyar da matuƙa, a kuma jarraba jigilar haya.

ABIN DA YA KAMATA DOKA TA ƘUNSA

Abu na farko shi ne ƙofa ɗaya. Ya kamata NCAA da NIWA da hukumomin raya koguna su zauna su rubuta wa ke yin me, ta yadda mai neman izini zai shigar da takarda wuri guda, ya sami amsa cikin kwanakin da aka ƙayyade.

Na biyu, a bambanta masauki da masauki. Tashar da za a riƙa jigilar fasinja kullum a Kainji ko Tiga tana bukatar matakala, da alamun kan ruwa, da jirgin ceto a shirye, da ma'aikata. Wurin da za a sauka sau uku ko huɗu a damina domin ceton rai ba ya bukatar wannan duka. In aka ɗora musu sharaɗi ɗaya, to na gaggawar ba zai taɓa samuwa ba.

Na uku, awo da rajista. Dokar da aka kwafo daga ƙasar da tabkinta ba ya motsi ba za ta yi mana aiki ba. Tamu sai ta yarda da masauki na lokaci, wanda ake buɗewa a rufe gwargwadon cikar kogi, a kuma sake auna shi kowace shekara, tun da kogin yana sake makwanci. Da rani ne ake ganin kututture da dutsen da ruwa zai rufe, saboda haka da rani za a yi rabin aikin.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne haƙƙin masu ruwa. Filin jirgi na tudu ana kewaye shi da waya a hana akuya shiga. Ruwa kuwa ba ya shingantuwa, a cikinsa ake su, ake fito, ake shayar da shanu, ake wanki, ake jan ruwan noman rani. Babu injiniyan da ya san kogin Katagum kamar Sarkin Ruwa da masu fito, su suka san inda gurbi yake, da inda rairayi ya taru bana, da ranar da ruwa zai fara ja. Ya kamata doka ta ambace su da sunan sarautarsu, ta sa sai da sa hannunsu za a yi rajistar masauki, ta ɗora musu aikin share hanya kafin jirgi ya sauka, a kuma biya su ladan aikin. Ta kuma faɗi ƙarara wanda zai biya in igiyar ruwan da jirgi ya tayar ta kifar da kwale-kwale ko ya yaga koma, ta tilasta wa mai jirgi yin inshorar da za ta rufe wannan. Talakan da ya san an san da shi, shi ne zai tsare masaukin. Wanda aka kora daga wurin cin abincinsa ba tare da shawara ba, ba zai ɗaga komarsa domin jirgin kowa ba.

Na biyar, horo da kayan tsira. Binciken haɗurra a Kanada ya nuna cewa da yawa daga waɗanda suka mutu a irin jiragen nan ba faɗuwar ce ta kashe su ba, nutsewa suka yi bayan jirgi ya kife sun kasa samun ƙofa. Saboda haka a 2019 ƙasar ta kafa doka cewa fasinjojin ƙananan jiragen haya su sa rigar ruwa a jikinsu tun kafin a tashi, matuƙa kuma a koya musu fita daga jirgin da ya kife a ruwa. Muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya tun 1964, Tiga kuwa ba ta da nisa da ita. In ba a horar da 'ya'yanmu ba, to kullum sai an yi hayar matuƙi daga waje da kuɗin waje.

Na shida, tsaro da tsabtar ruwa. A halin da Arewa ke ciki, jirgin da ke iya sauka inda babu jami'i abin tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Maganinsa shi ne kada jirgi ya sauka sai a wurin da ke cikin rajista, da sanin masu ba da hanya da hukumar wurin. Haka nan a tsara yadda za a zuba mai da zubar da baƙin mai, domin madatsun nan su ne ruwan shan birane.

A FARA DA KWALE-KWALE

Wani zai ce, mutanen da ba su da gada mai ƙwari ina su ina maganar jirgin sama? Maganarsa tana kan hanya. Gada da kwalbati da hanya mai tsayi su ne gaba da kome, jirgin nan ba zai maye gurbinsu ba. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. A shekarar ne kuma, cikin watan Mayu, aka yi na Warra a Jihar Kebbi, a 2023 aka yi na Patigi a Jihar Kwara, kowanne ya ci rayuka masu yawan gaske. Ƙa'idodin hana lodi fiye da ƙima, da hana tafiyar dare, da sa rigar ruwa, duk suna nan a rubuce. Ƙasar da ta kasa sa mai fito ya ba fasinjansa rigar ruwa, takarda kaɗai ba za ta tsare mata jirgin sama ba.

Amma in aka lura, aikin guda ne. Auna zurfin kogi, da sa alama a inda kututture yake, da ajiye jirgin ceto mai inji a mafitai, da ba Sarkin Ruwa iko da alawus, da koya wa samari ceto, duk waɗannan abubuwa da jirgin sama zai bukata, mai kwale-kwale ne zai fara cin moriyarsu, ko da jirgin bai taɓa zuwa ba. Kuɗin da aka kashe a nan ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka muna kira ga wakilan yankin Katagum a Majalisar Tarayya da ta jiha, da Majalisar Mai Martaba Sarkin Katagum, da hukumar agajin gaggawa ta Jihar Bauchi, su nemi a zauna da hukumomin sama da na ruwa tun kogi yana rairayi. A tambaye su abin da kundinsu ya tanada game da sauka a ruwa, a nemi a cike inda ya rage, a kuma sa Kogin Jama'are cikin wuraren da za a fara aunawa. Rubuta ƙa'ida ba ya cin kuɗin gina gada ko guda, abin da yake ci shi ne zama da haƙuri da sauraron masu ruwa. Masunta sun fi kowa sanin cewa goran da za a hau a shiga kogi tun da rani ake gyara shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrin ruwa, amin.